Inda Kawu Ya Kai Kuɗin Kaɗa

A ƙasar Faskari ta zamanin ƙuruciyarmu, ba sai an tambayi mutum irin hankalinsa ba, bayan kaka ake gani. Da an buɗe fuloti, an ɗora kaɗa a sikeli, malamin auduga ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, an ƙirga wa manomi kuɗinsa a hannu, to daga nan kowa ya kama gabansa. Wani ya nufi kasuwar Sheme ya jawo maraƙi ko bijimin huɗa. Wani ya sauke jinka ya ɗora kwano. Samari ba su da zance sai keke Rali mai madubi biyu, ko rediyo mai kaset da za a rataya a kafaɗa a ratsa dandali da daddare, Shata na tashi. Mai 'ya mace da ta isa aure kuwa ba shi da zaɓi, kuɗinsa na kwalla ne da tasa da gado mai rumfa, tun kafin su shigo aljihu an riga an raba su.

Lokaci ne na wadata daidai gwargwado. An sauya fam da sule zuwa naira a 1973, kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo hannun ma'aikata a 1975, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya sa wa hannu ya cika karkararmu da takin zamani da irin masara. A 1976 aka kwashe mu aka zuba a firamare da sunan ilmi kyauta ga kowa. Da Balarabe Musa ya hau gwamnan Jihar Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, sai ɗan abin da ake ɓoyewa don dagaci ya zauna a hannun mai shi. Muna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Funtuwa a lokacin, Ƙanƙara na ƙarƙashin Malumfashi, Katsina kuwa ba ta zama jiha ba tukuna. Duk wanda ya ɗan motsa, a jikin gidansa ake gani.

Ban da Kawu, yayan mahaifiyata.

Kada mai karatu ya ɗauka rago ne. Kowa ya san gonarsa, ba a samun ciyawa a cikinta, kuma kaɗarsa ba ta cika faɗuwa lamba biyu ba. In ya karɓi kuɗi sai ya fara duba rumbu, ya tabbata dawa da gero za su kai gidan wata kaka, ya yanka wa matarsa atamfa, ya ɗinka wa yara kayan Salla, ya biya bashin da ke kansa. Abin da ya rage sai ya ƙulle a lalita, ya ɗauki buta da buzu da ɗan gafakarsa, ya tafi ganin gari. Ba fatauci ya kai shi ba, ba ci-rani ba, ba neman karatu ba, ba ziyarar dangi ba. Mu kuwa Hausawa mun san tafiya tun kaka da kakanni, fatake sun je Gwanja ɗauko goro, alhazai sun taka ƙasa ta Chadi da Sudan har Makka, almajirai sun yi gabas, amma kowace tafiya da dalilinta da za a faɗa a zaure a gyaɗa kai. Mutum ya ce zai kashe kuɗin motarsa ya je ya kalli garin wasu ya dawo hannu rabbana, wannan mutanenmu ba su san inda za su ajiye shi ba. Sai suka ce ƙafarsa ke ƙaiƙayi.

Mahaifina yana girmama shi, surukinsa ne, amma ba ya ɓoye ra'ayinsa. Na sha jin ya ce masa, "Malam, gari dai ba a zuba shi a rumbu." Kawu sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam, kuma gara ba ta cin sa." Su yi dariya, kowa ya zauna a kan bakansa.

Ranar da ya nemi a ba shi ni in raka shi a hutun makaranta, Inna ce ta fi nuna damuwa. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Yaya, don Allah kada ka koya wa yaron nan yawo." Ya ce mata, "Yawo ai ko akuya ta iya. Ido nake so ya buɗe." Baba bai ce uffan ba, wanda a gidanmu shi ne izini.

Funtuwa muka fara zuwa, garin da na taɓa shiga a baya amma iyakata tasha da bakin kasuwa. Kawu ya sa direba ya sauke mu tun ba mu kai tasha ba. A ganinsa wanda ya shiga gari ta tasha ya fita ta tasha, bayan tukunya kawai ya lasa. Muka taka har unguwar Bisije, inda injin gurzar auduga na tun zamanin Turawa yake. Ya gai da maigadi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar iyali da ta aiki, ya miƙa masa goro, ya gaya masa cewa mu manoman kaɗa ne daga wajen Faskari, mun zo mu ga inda guminmu ke kwana. Maigadin ya bar mu muka tsaya daga bakin ƙofa. Na ga tulin kaɗa ya fi gidan dagacinmu tsawo, na ji rugugin inji yana raba angurya da farin, na ga an matse farin an ɗaure shi dila-dila da ƙarfe. Daga nan muka bi dilolin da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa, layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Kawu ya nuna mini wagunu ya ce, "Ɗana, waccan kaɗar da ka tsinta kana kukan rana, ga ta nan za ta masaƙun Kaduna. Wata za ta dawo maka a matsayin riga, ka saye ta da tsada." Babu malamin da ya taɓa yi mini bayanin tattalin arziki da ya zauna mini a kai irin wannan. Sai daga baya na san cewa gonar gwamnati ta Daudawa, nan kusa da mu, tana cikin wuraren da Turawa suka riƙa yaɗa irin audugar da ake raba wa manoma. Ashe ƙauyenmu da nake gani a ƙarshen duniya yana ɗaure da ita ta wuyan buhu.

Zariya ce ta fi zauna mini, kuma a kanta zan ɗan daɗe.

A jirgi muka je, a shekarun da Indiyawa ke riƙe da hukumar jiragen ƙasa, jirgi na ɗan kiyaye lokaci. Muka sauka Sabon Gari, muka ƙi tasi, muka taka ta Tudun Wada. A hanya ya nuna mini ginin Kamfanin Gaskiya, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Kawu bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, amma ya san Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, kuma wannan ya ishe shi hujja a kan masu yi masa dariya. Muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Ba ya yarda a shiga tsohon birni ta inda ganuwa ta zube, sai ta ƙofa, ya ce gidan mutane ne, a yi sallama.

Babban Masallacin Juma'a na Zazzau, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, a lokacin ba a daɗe da lulluɓe shi da sabon gini na siminti ba. Daga waje ba ka ganin komai sai masallaci irin na ko'ina. Kawu ya san abin da ke ciki. Bayan azahar, da jama'a suka watse, ya nemi wani dattijo mai kula da wurin, ya durƙusa ya gaishe shi, aka bar mu muka shiga tsohon ɓangaren. Sanyi ne ya fara tarbar mu. Sannan ido ya saba da duhu, ginshiƙai suka fito, manya-manya, an yi musu zane da hannu tun ƙasa na ɗanye, bakan gizo ya tashi daga wannan ya haɗe da wancan a can sama. Kawu da kansa ya gina ɗakunan gidansa da tubali, saboda haka ba kallon ɗan ƙauye yake yi ba, kallon ɗan sana'a yake yi. Ya daɗe kansa a sama yana bin yadda aka jera azara, gajeru-gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, aka ɗaure aka shafe da ƙasa har baka ya rufe ba tare da ƙarfe ko guda ba. Ya yi wa dattijon tambayoyin da ban fahimta ba a lokacin, a kan irin ƙasar da aka kwaɓa da yadda ake hana ruwa zama a rufi. Dattijon da ya fara amsa mana a daƙile sai ga shi ya saki jiki, ya ja mu wani lungu ya nuna mana inda gini ya taɓa tsagewa aka gyara.

Daga masallaci muka faɗa lunguna. A wani zaure muka tarar da masu ɗinkin hannu, kowa da riga a cinya, ana fitar da aska takwas da zaren siliki. Kawu ya yi sallama ya tsuguna a gefe. Babbansu ya ɗago ya ce, "Malam, saya za a yi?" Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, gani na zo yi, in ba a hana." Na zaci za a kore mu. Sai mutumin ya matsa ya ba mu gefen tabarma, ya sa aka kawo mana ruwa, ya shiga nuna wa Kawu yadda ake zana fasalin da tawada kafin allura ta bi, da yadda riga ɗaya kan ci watanni tana yawo daga hannun wannan zuwa na wancan. Wannan abu na ga ya maimaitu a garuruwa da yawa har na daina mamaki. Mai sana'a ya saba da mai ciniki, wanda ke kushe kaya don a rage masa. In ya samu wanda bai zo da komai ba sai sha'awar aikin hannunsa, ba abin da ba zai buɗe masa ba. Da Kawu ya zo da kuɗin riga, da riga kawai zai tafi da ita.

Abinci kuwa a inda 'yan dako ke ci muke ci, don a cewarsa su suka san tuwon da ke riƙe ciki da kuma labarin gari na gaskiya. Kwana a zauren wani malami ko a masallacin unguwa. A zamanin ba a tambayar baƙo takarda, ana tambayarsa daga ina, in ya faɗi gari ya faɗi sunan hakiminsu, shi ke nan, a kawo masa tuwo.

A Kano ne na fara gane cewa abin kallo ma yana mutuwa. Kawu ya ga dalar gyaɗa da idonsa a shekarun 1960, buhu kan buhu har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, kuma ya sha ba mu labarinta a zaure. Da muka je sai fili, yara na buga ƙwallo. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur sun haɗu sun share ta. Ya tsaya ya nuna mini da sanda inda kowace take, yana magana da filin yadda ake zancen mutumin da ya rasu. Sauran Kano a guje na gan ta, don ta fi ƙarfin idon yaro. Mun hau Dala da hantsi muka hango Goron Dutse da kududdufai da koren tulluwar babban masallaci. Mun leƙa karofin Ƙofar Mata, hannuwan marina shuɗi har gwiwa. Mun ɓace a Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ɓatan bai dami Kawu ba ko kaɗan, matambayi ai ba ya ɓata. Duk abin da ya saya a Kano kwalli ne da ɗan turare na matarsa.

Katsina kuwa da Salla muka je, ta hanyar Ƙanƙara da 'Yantumaki da Dutsin-ma, Sarki Usman Nagogo na da rai, gab da rasuwarsa a 1981. Hawan ya burge ni, dawaki da lifidi da bindigogi a Ƙofar Soro, amma Kawu ya fi ɗokin washegari, bayan taro ya watse. Ya kai ni hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, muka hau matakalarta muka ga birnin a shimfiɗe, rufin soro ya fi na kwano yawa. Ya kai ni tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu. Na yi mamakin ƙanƙantar ɗakunan, ginin ƙasa ne irin namu, mu da ake gaya wa cewa sai an yi bene ake ilmi. Ya kai ni Ƙofar 'Yanɗaka, inda Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Muka bi gindin ganuwa da ƙafa har rana ta yi sanyi. Yawancin abin da muka bi ranar yanzu gidaje ne da shaguna, tun da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1987 ya buɗe, kuma ƙofofin da dama an rushe su an sake su da siminti. Na siminti sun fi faɗi, mota biyu na wucewa, amma ba su da abin da za su gaya wa yaro.

To, a nan sai in yi adalci, don labarin Kawu ba na waliyyi ba ne. Akwai wadda ta biya kuɗin yawon nan ba ta ga ko ƙofa ɗaya ba. Matarsa ta zauna a ɗakin jinka shekaru bayan maƙwabta sun yi kwano, ta sha habaici a gidan biki a kan mijin da ya san hanyar Kano bai san hanyar kasuwar shanu ba. Ba ta taɓa wuce Funtuwa ba. Ko sau ɗaya bai zo wa Kawu a rai ya ce ta shirya su tafi tare ba, kuma da ya faɗa, da gari ya ɗauka. Ganin gari a lokacin gatan namiji ne, ita kwalli da turare da labari ne rabonta. Sannan da ciwo ya kwantar da shi a ƙarshen rayuwarsa, babu ko tunkiya a turkensa da za a sayar. Bijimin Baba aka kai Sheme aka yi masa magani. Saboda haka duk wanda ya ce mini abin hannu banza ne, na san bai taɓa tsayawa a bakin kantin magani da takarda a hannu ba. Baba yana da gaskiyarsa, kuma gaskiyar tasa ce ta sayi allura.

Sai dai akwai lissafin da mutanen garinmu ba su taɓa yi ba. Zauren Kawu ne ke cika bayan isha'i, har da masu cewa ƙafarsa na ƙaiƙayi, har da Baba, wanda kan zauna a bakin ƙofa yana yi kamar iska ya fito sha. In za a kai mara lafiya babban asibitin Zariya, Kawu ake tasa a gaba, shi ya san motar da za a hau da ƙofar da za a bi da gidan da za a kwana. In yaro ya ci jarrabawa an tura shi makaranta a wani gari, shi ke raka shi. In wani ya tafi ci-rani ya yi shiru, shi ake roƙo ya je ya nemo shi, kuma ya kan samo shi, don ya san unguwar da mutanen kowane yanki ke sauka. Saniyar mutum tasa ce shi da iyalinsa. Abin da Kawu ya tara, gari duka ya ci, kuma ba wanda ya taɓa lissafa shi cikin masu arziki.

A 1983 bushiya ta shigo ta kwantar da garkuna, mutane suka wayi gari dukiyar shekaru ta zama mushe. Aka yi haƙuri aka sake tarawa. Bayan shekara talatin sai ga abin da ya fi bushiya. Ba sai na ba mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara labarin ɓarayin daji ba, shi zai ba ni. An kore shanun huɗa, an kwashe babura, an fasa rumbuna, an sayar da gonaki an biya kuɗin fansa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji sunan garin. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da namu. Hanyar da muka bi da Kawu zuwa Katsina muna cin rake a bayan a-kori-kura ta zama wadda ake shiga da addu'a a baki.

Ana yawan lissafa shanun da aka rasa, kuma ya kamata. Abin da ban cika jin ana lissafawa ba shi ne hanya. In Allah ya kawo sauƙi, saniya za ta haihu, za a sake kafa turke. Amma an yi yaran da suka tashi ba su taɓa taka ƙauyen da ke bayan dutsen garinsu ba, ba su san Birnin Kogo ba, inda dattawa ke kai asalin sarautar ƙasarmu, ba su taɓa zuwa bakin dam ɗin Mairuwa don kallo kawai ba, ba su ci kasuwar 'Yankara sun dawo da dare suna waƙa ba. Wasunsu kuma sun ga birni, amma a guje suka shige shi, da tabarma a ka. Yaron da gudun hijira ya kai Funtuwa ko Katsina ba ya ganin bakan gizo ko zanko, inda zai kwana yake nema da inda za a ba shi abinci. Yana iya shekara a gindin Gobarau bai ɗaga kai ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Na ji cewa a Turai da Amurka akwai samarin da suka mai da shiga kangon masana'antu da tsofaffin tashoshi abin sha'awa, suna ɗaukar hoto suna yaɗawa. In kango ake nema ai mu ne masu arziki. Ga masaƙun Kakuri a Kaduna da kaɗarmu ke zuwa, sun yi shiru, ga tashoshin layin Ƙauran Namoda, ciyawa ta cinye dogo. Sai dai ina da ja a kan irin yawon da ake yi yanzu, nasu da namu. Matashi ya tara kuɗi ya je Abuja ko Dubai, ya tsaya gaban wani dogon gini ya juya masa baya, ya ɗauki fuskarsa ya ɗora a Facebook. Bai gai da kowa ba, bai tambayi wanda ya gina ba, bai ci abinci da mutanen wurin ba. Wannan tafiya ita ma kaya ce, ɗaya take da rediyon da samarinmu ke ratayawa a kafaɗa don a gani. Kawu bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka iya shiga garin da ba su sani ba su yi sallama, su zauna, su yi tambaya, a ba su amsa.

Na yi aiki, na samu abin da Allah ya hore, na sayi abubuwan da ake saye. Yawancinsu ba zan iya tuna launinsu ba. Amma har gobe zan iya zana wa mutum yadda azara ke hawa kan azara a masallacin Zazzau, kuma duk garin da aiki ya kai ni, ƙafata ba ta natsuwa sai na bar babban titi na bi ta bayan kasuwa, na nemo marina ko maƙera ko majema, in da sauransu. Sau da yawa yanzu sai a ce mini ai na ƙarshensu ya rasu bara, 'ya'yansa suna acaɓa.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga 'yan ƙasarmu da zama ya mayar Funtuwa da Katsina da Zariya da Kano, inda har yanzu ana iya taka ƙasa da rana tsaka. Ranar da babu makaranta, ka ajiye mota ko babur, ka kama hannun ɗanka, da 'yarka ma, kada a maimaita abin da aka yi wa matar Kawu, ku shiga tsohon gari ta ƙofa. Tsohuwar Kwalejin Katsina gidan tarihi ce yanzu, Gidan Makama na Kano a buɗe yake. Malaman makaranta da ke da yaran gudun hijira a azuzuwansu su fi kowa ƙoƙari a kan wannan. Dattawan Birnin Kogo da Daudawa da ƙauyukan Sabuwa da rikici ya koro, ga su nan zaune a ƙofar gidajen haya ba mai tambayarsu komai. Ku je ku gaishe su, ku kunna wayar nan da ke hannunku, ku ce su ba ku labarin garuruwansu unguwa-unguwa, tun suna da rai.